Na je Kalifoniya ganin jariri, na ɓige da zaman mitin

Shekara goma sha huɗu kenan ina aiki a rajistiri na wata kwalejin horar da malamai a nan Arewa, kuma in akwai abin da na ƙware a kai duk tsawon shekarun nan to zama ne a ƙarshen tebur da biro da dogon littafi ina rubuta abin da manya suka faɗa. Ni ne mai ɗaukar minit. A yi mitin na awa huɗu, a yi faɗa a shirya, a ci mitfai a sha lemo, ni dai nawa rubutu, ko da kuwa abin da ake tattaunawa a kan teburina zai ƙare kuma na san ba zai yiwu ba. Na fara da wannan ne don ku gane dalilin da ya sa mutum zai kashe kuɗin jirgi har Amurka ya dawo babu labarin da yake bayarwa sai na mitin, har uwargida ta fara cewa da ta sani da ita ta tafi.

Asalin tafiyar suna ne. Ƙanena da ke zaune a can aka yi wa haihuwa, na nemi biza da niyyar in je suna, kafin layi ya zo kaina yarinya har ta fara rarrafe. Sai a watan Fabrairu na tashi daga Abuja, muka yada zango a Istambul, daga nan kuma zaman wajen awa goma sha uku a sama har San Faransisko, na yi barci na tashi na sake yi na tashi muna nan dai a sama, ƙafafuna suka kumbura takalmi ya ƙi shiga. Shi ya zo ya ɗauke ni da wata tsohuwar Toyota da ta sha tafiya, muka haura wasu tsaunuka da aka jera musu manyan fankokin nan masu ba da lantarki, muka gangara cikin babban kwarin da ke tsakiyar jihar. Wanda ya san Kalifoniya a fim kawai ba zai yarda nan ma ita ce ba. Gonaki ne iya ganinka, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kamar ka bar Kano ka nufi Haɗeja, sai dai a nan itatuwan almon ne a jere a layi duk sun yi farin fure, ga akwatunan ƙudan zuma an ajiye a bakin gonakin, wai hayarsu ake yi ana kawowa a tirela daga wasu jihohin saboda furen. Da asuba kuma wani hazo ke sauka wanda ba irin namu na hunturu mai ƙura ba, shi jiƙaƙƙe ne, motar da ke gabanka ma ba ka gani. Ga bambancin awa tara tsakaninmu da gida, kwana uku na yi ina farkawa ƙarfe biyun dare ina neman abinci.

Ƙanen nawa lissafi yake koyarwa a irin makarantun da suke kira kwalejin al'umma, na shekara biyu, waɗanda kowa zai iya shiga, ka gama ka kama sana'a ko ka wuce jami'a ka ƙarasa digiri. A jihar kaɗai akwai guda 116 a ƙarƙashin gundumomi 73, kuma ɗan jiha dala 46 yake biya a kowane yunit, kwas mai yunit uku dala 138 kenan, da yawa ma ana yafe musu. Mu a gida muna ta cewa ai ɗan'uwanmu lakcara ne a Amurka, ashe bawan Allah malamin wucin gadi ne, a kwaleji biyu yake koyarwa a gundumomi daban daban, safe nan yamma can, yana ta zarya a kan babbar hanyar da suke kira 99. Nace me ya hana ka tsaya guri ɗaya? Yace Yaya doka ce, ɗan wucin gadi ba ya wuce kashi 67 cikin ɗari na aikin cikakken malami a gunduma ɗaya, in kana son kuɗin haya ya fita dole ka haɗa da wata. Ofis ma ba shi da shi, but ɗin motar nan shi ne ofis, takardun jarabawa da kwalin maka da dadduma duk suna ciki.

Ranar wata Talata zaman gida ya ishe ni na bi shi makaranta. Ya shiga aji ni kuma na kama yawo. Abin da ya fara ɗaukar hankalina ɗaliban ne, ga yaro ɗan sha takwas ga dattijuwa da furfura da jakar goyo, ga wani da kayan aikin gona a jikinsa, 'yan Meziko, Indiyawa masu rawani, har da wani ɗaki da ake raba wa ɗalibai kayan abinci kyauta ba tambaya. Ina cikin yawon na ci karo da wani allo mai gilashi a bakin ginin gudanarwa, kuma kun san mai hali ba ya fasa halinsa, ina hango takarda mai lamba 1, 2, 3 na san ajanda ce. Ta majalisar malamai ce, wadda suke kira sanet, za su zauna ranar Alhamis ƙarfe biyu, an rubuta ɗakin, an rubuta duk abin da za a tattauna, a ƙasa kuma wai duk mai son yin magana daga cikin jama'a yana da minti uku. Na karanta na sake karantawa. Ajandar mitin a manne a waje kowa na gani! Mu da muke buga wa tamu tambarin sirri mu sa a ambulan, wani lokacin ma sai an zauna ake rabawa.

Da ya fito na tambaye shi, ya yi dariya yace wata doka ce ta jihar tun 1953, dokar Brown, ta tilasta wa hukumomin ƙananan matakai su yi zamansu a bainar jama'a, a manna ajanda aƙalla awa 72 kafin zama, kuma abin da ba ya cikinta ba a yanke hukunci a kansa. Nace to ni baƙo zan iya shiga? Yace ko kai waye, ba mai tambayarka kati. Nace to wallahi ranar Alhamis da ni za a yi. Ya dube ni yace Yaya mutane na zuwa Kalifoniya su ga teku da gadar San Faransisko, kai kuma mitin.

Na je da wuri na samu kujera a baya. Ba wani babban tebur mai jan kyalle, ba kujerar shugaba mai tsawo, tebura ne aka haɗa kamar harafin U, mutum wajen ashirin da wani abu, kowane sashe ya zaɓo wakilinsa. Shugabar wata malamar kimiyyar halittu ce da ta shigo da kofin shayinta da takalmin gudu, malamai ne suka zaɓe ta aka rage mata azuzuwa don ta samu lokacin wannan aiki. Abin da ya ɗaure min kai shi ne mataimakin shugaban kwalejin mai kula da karatu, da kwat ɗinsa da komai, a layinmu na 'yan kallo ya zauna, kujera biyu tsakanina da shi. Sai da aka zo kan batunsa aka kira shi ya tashi ya yi bayani, kuma ba shi da ƙuri'a. A wajenmu furobos ne shugaban hukumar karatu, shi zai buɗe shi zai rufe, kuma yawancin waɗanda ke zagaye da teburin muƙamansu ne suka kawo su, to wa zai ɗaga hannu ya ce a'a yana kallon mai sa hannu a takardar ƙarin girmansa.

Batun ranar shi ne hukumar makaranta na son a mayar da wasu kwasakwasai na zangon mako goma sha shida zuwa gajeru na mako takwas takwas, wai masu aiki da masu iyali sun fi iya jurewa su gama. Magana mai ma'ana a ganina. Amma yana rufe baki wani dattijo malamin tarihi ya ɗaga hannu yace shi ba ya faɗa da shawarar, tambayarsa ɗaya ce, ya aka yi har an fara tsara jadawali kafin a kawo maganar nan, alhali wannan goma da ɗaya ce. Sai na ji ɗakin ya ɗauka, wannan yace goma da ɗaya, waccan tace goma da ɗaya, ni kuwa na zata wani lokaci ake nufi har na duba agogo.

Sai bayan an tashi dattijon nan ya warware min, da ya ji daga Najeriya nake kuma aikina kenan ya ja ni har ofishinsa, irin mutanen nan ne da in suka samu mai saurare ba sa saki. Yace a 1988 majalisar jihar ta yi wata doka, AB 1725, wani ɗan majalisa John Vasconcellos ya kawo ta, gwamna George Deukmejian ya sa hannu. Kafin nan kwalejojin sun taso ne daga jikin makarantun sakandare, ana tafiyar da su kamar yadda firinsifal ke tafiyar da makarantarsa, dokar ce ta ce a'a, dole malamai da ma'aikata da ɗalibai su samu bakin magana. Daga nan aka fitar da abubuwa goma da suka shafi karatu, irin su manhaja, sharuɗɗan ba da shaidar kammalawa, tsarin ba da maki, buɗe sabbin fannoni, bitar waɗanda ake da su, har da hanyar da ake bi wajen tsara kasafin kuɗi, na sha ɗayan kuma shi ne duk wani abin da ɓangarorin biyu suka yarda a ƙara. A kan waɗannan, hukumar amintattu ta gunduma, wadda mutanen yankin ne ke zaɓenta da ƙuri'a ranar zaɓe kamar kansiloli, hanya biyu gare ta, ko ta dogara da shawarar majalisar malamai, ko su zauna sai sun cimma matsaya a rubuce. In a inda ta ce za ta dogara da su ne kuma ta ƙi karɓar shawarar, to sai da ƙwaƙƙwaran dalili, kuma in malaman suka nema dole ta ba su dalilin a rubuce.

Nan ne fa abin ya taɓa ni, wannan a rubucen. Don ni na san yadda shawara ke mutuwa, da hannuna nake binne ta. Kwamiti zai yi wata uku yana aiki ya kawo rahoto, a ce an gode an karɓa za a duba, in rubuta an karɓa za a duba, shikenan an yi jana'iza, ba wanda zai taɓa ce maka ga dalilin da ya sa ba a yi ba balle ka samu abin kamawa. Mutanen nan ba wai sun fi mu haƙuri ko son juna ba ne, na ga harara a ɗakin nan wadda ko a gidan kishiyoyi sai haka, kawai dai an rubuta wa za a tambaya a kan me, kuma mai ƙin ji sai ya sa hannu a kan ƙin jinsa.

To amma bari in koma cikin ɗakin don ban gama ba. Ana cikin muhawara wani ya kawo maganar cewa kwas ɗin mako takwas zai ƙara wa malami nauyin duba takardu, sai shugabar ta tare shi tace wannan ba namu ba ne, na ƙungiyar ƙwadago ne, a kai can. Ashe sun raba, albashi da awannin aiki da sharuɗɗansa na yuniyan ne, karatu na sanet. Mu kuwa da yake ƙofa ɗaya ce ke buɗuwa, komai ta ƙungiyoyinmu na ƙwadago, COEASU ko SSUCOEN ko NASU, yake bi, ko maganar jadawalin jarabawa ce sai ta zama maganar wa'adin kwana bakwai.

Wadda ta fi tsaya min a rai wata mata ce da ta yi magana a minti ukun jama'a tun farkon zaman. Ba malama ba ce, a ofishin tallafin kuɗin karatu take aiki, irina ce dai, ma'aikaciyar ofis. Ta tashi da 'yar takardarta tace su ba su ƙi ba, amma zango biyu a cikin ɗaya yana nufin rajista sau biyu, lissafin tallafi sau biyu, su kuma su huɗu ne a ofis ɗin, ɗaya ma tana hutun haihuwa, kuma babu wanda ya leƙo ya tambaye su. Tace in kuɗin yaro ya makara mako biyu a zangon mako takwas to kwata ɗin kwas ɗin ya wuce ba shi da littafi. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, don wannan ita ce irin maganar da nake haɗiyewa shekara goma sha huɗu. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Na waiga na ga mai ɗaukar minit ɗinsu, wani saurayi da laftof, yana buga abin da ta faɗa, maganar ma'aikaciyar ofis ta shiga minit ɗin malamai.

Na same ta a waje na gaishe ta nace kin burge ni. Ta yi wata 'yar dariya tace kar abin ya ruɗe ka. Su ma suna da tasu majalisar ta ma'aikata, suna da kujeru a babban kwamitin kwaleji inda ake haɗuwa da malamai da ɗalibai da shugabanni, amma abin da doka ta ba su bai kai na malamai ba, su an ce ne a ba su dama su sa baki kuma a duba ra'ayinsu da kyau, ba a ce a dogara da shi ba. Tace kuma malami in ya zo mitin an rage masa aji, ita in ta zo aikinta na nan na jiranta a tebur, sai ma in ogan ofis ya ga dama ya sake ta. Har ta kawo min wata tsohuwar doka da ta ce rabin kuɗin da ake kashewa a harkar koyarwa dole ya tafi albashin malaman aji, tace su da masu ba ɗalibai shawara da ma'aikatan laburare duk suna ɗaya gefen layin, shi ya sa ɗaukar mutum ɗaya a ofishinsu sai an sha fama. Nace ashe ko'ina akwai 'yan mowa da 'yan bora. Na yi ƙoƙarin fassara mata, da ta gane mowa da bora matan mutum ɗaya ne ta riƙe baki tana dariya tace ita ce borar kenan.

A mota na tsokani ƙanena nace kai ina kujerarka a ciki? Yace 'yan wucin gadi suna da wakili, amma shi lokacin da ake zaman yana kan hanya zuwa ɗaya makarantar, kuma aji ake biyansa ba mitin ba. Wai ita waccan dokar ta 1988 ta sa burin cikakkun malamai su riƙa koyar da kashi 75 cikin ɗari na darussa, har yau a faɗin jihar ba a kai ba. Ya ɗan yi shiru yace Yaya kwasakwasan da za a gajarta ɗin fa yawanci mu za a ba. Ban ce komai ba, muka wuce wani shagon Balaraben Yaman muka sayi naman halal.

Kuma kada in yi muku ƙarya, abin yana da jan ƙafa. Zaman ranar awa biyu aka yi ba a yanke komai ba, wai karatu na farko ne, kowane wakili ya koma sashensa ya ji ta bakinsu sai bayan mako biyu a yi karatu na biyu a kaɗa ƙuri'a, daga nan a kai babban kwamiti, ɗalibai ma su ce nasu. Mataimakin shugaban nan ya fito fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa, na ɗan tausaya masa don na san a samansa ma akwai mai matsa masa. Shi kansa dattijon tarihin ya yarda abin na iya wuce gona da iri, ya ba ni labarin babbar kwalejin birnin San Faransisko da hukumar tantance makarantu ta yanke a 2013 cewa za ta janye mata amincewa, cikin laifukan da aka lissafa har da matsalar kuɗi da yadda yanke shawara ke tafiyar hawainiya, aka karɓe iko daga zaɓaɓɓun amintattu aka naɗa mutum ɗaya, aka yi ta shari'a da zanga-zanga, sai 2017 ta samu kanta. Yace shugabanni na ba da labarin nan don su nuna illar yawan kwamiti, malamai kuma na ba da shi don su nuna abin da ke faruwa in aka ƙwace musu baki, kowa da inda yake kamawa.

Ban ga karatu na biyun ba, ranar ina cikin jirgin ƙasan Amtrak zuwa bakin teku don in kama jirgin gida, furen almon ɗin ya fara zuba ƙasa ta yi fari. Gadar ma daga nesa na hango ta. Tsarabar da na zo da ita turare ne da 'yan kunne na uwargida, da cakulan na yara, sai ajandar nan mai shafi biyu da na roƙi saurayin mai laftof ya ba ni, na ninke ta a cikin fasfo.

Mako uku da dawowata aka kira zaman hukumar karatu. Aka zo kan maganar matso da rajistar jarabawa a yi ta mako biyu kafin ranar da aka sa, kowa na gyaɗa kai, ni kuwa na san fom ɗin ma ba a bugo ba kuma mutum biyu ne a kan aikin. Hannuna har ya ɗan taso daga kan littafi, sai muka haɗa ido da rijistara. Na yagi 'yar takarda na rubuta masa na tura, ya karanta, ya gyara murya yace ranka ya daɗe akwai wani abu da na lura da shi, ya faɗe shi tsaf yadda na rubuta. Furobos yace madalla da wannan hangen nesa, a bar ranar yadda take. Na sunkuya na rubuta a minit cewa rijistara ya jawo hankalin hukuma.